Jajayen Huluna Shida

Tun da hantsi falon ya cika da jakunkuna. Abba yana tsaye a tsakiya da takarda a hannu, yana kiran kaya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansa 'yan biyu suna amsawa. Shekara goma ke nan da barinsa aikin soja, amma har yau hutun gidan nan da jadawali ake yin sa, kuma kowace shekara sai an hau dutse.

"Gorunan ruwa?"

"Akwai, Abba!"

"Akwatin magani?"

"Yana wurin Anti Nas!"

"Huluna?"

Umma ta zazzage leda a kan kujera. Jajayen hana-salla ne guda shida, duk sun koɗe. Da su Abba yake ƙirga iyalinsa a kan hanya. Duk inda aka tsaya hutu sai ya hau wani tudu ya leƙo, in ya ga ja biyar, da tasa shida, sai ya ce a ci gaba.

"Abbansu, bana fa mu bakwai ne," in ji Umma. "Ka manta da Amarya?"

Ta nuna matar Yaya, babban ɗansu, wadda wata uku ke nan da shigowarta gidan. Amarya ta sunkuyar da kai.

"Za a saya mata a hanya," Abba ya ce, bai ɗago daga takardar ba.

Nas ta daɗe tana ninke tawul ɗaya. Ita ce ta biyu a gidan, ma'aikaciyar jinya, shekararta ashirin da bakwai. Shekara biyu ke nan wani malamin makarantar nazare yana neman aurenta, shekara biyu Abba yana cewa a dakata. Ta ajiye tawul ɗin ta matso.

"Abba, maganar Malam..."

"Uwata, na gaya miki. Ƙaton namiji ya wuni yana share wa yara majina, yana tafa hannu yana waƙa! Kuma tafiyarsa kamar ana jan sa. Ko masallaci muka je tare, shi ne na ƙarshen fitowa. Wannan ne zai riƙe gida?"

"Mutumin kirki ne, Abba."

"Ban ce mugu ba ne. Sanyinsa ne ya yi yawa."

Hawaye suka zubo mata. Ta juya za ta koma wurin jaka.

"Haba Abbansu," Umma ta ce, "yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga maka murya ba. Ka yanke magana ɗaya ta huta, ko e ko a'a."

Abba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Shi ke nan. Ki ce masa ya same mu a masauki jibi. Ƙarfe takwas za mu fara hawa. In sha biyu ta yi masa a saman dutsen, na ba shi ke. In ba ta yi masa a can ba, an rufe maganar, kada in sake jin ta."

"Kai! Ankul da gudu?" ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ce, don haka suke kiran Malam. "Wallahi sai na yi bidiyo!"

Da la'asar Nas ta shiga kicin ta kira shi a waya ta gaya masa.

"Zan zo," Malam ya ce. "Amma kin san tafiyata."

"Rana ɗaya ce tak! Don Allah kada ka tsaya ɗaure wa kowa igiyar takalmi. Ka bi bayan Abba, kada ka waiga."

Ya yi dariya. "Zan yi iya ƙoƙarina, ranki ya daɗe."

Tana kashe wayar ta ga Umma zaune a kan kujerar kicin tana shafa man zafi a gwiwa.

"Umma, ta tashi ne kuma?"

"Rufe mini baki. In ubanki ya ji, a masauki zai bar ni ina gadin jakunkuna. Ban taɓa fashin hawan nan ba, ba kuma zan fara bana ba."

Ranar hawa gari ya waye da rana mai zafi. Malam ya iso tun bakwai da rabi, da ƙaramar jaka a baya da lema a hannu. Ya durƙusa ya gaida Abba da Umma. Hular Amarya kuwa ba a saya ba, kowa ya manta.

Hanyar siririya ce, sai mutum ɗaya ɗaya, ga duwatsu da bishiyoyi suna tare gani. Abba ne a gaba, Nas a bayansa bisa umarninsa, sai Malam. Abin mamaki, bai bar tazara ba. Yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, amma yana nan. A wurin hutu na farko Abba ya hau wani dutse ya ƙirga.

"Shida! Mu je."

Nas ta saci kallon Malam, ta ga leɓɓansa suna motsi, idonsa yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Haka yake yi a ƙofar aji kowace safiya. Ta harare shi, ya yi murmushi.

Sun yi kusan rabin awa da tashi, ta lura ya fara waige. Ya waiga sau ɗaya, ya sake, ya kuma sakewa. Can sai ya raɓe jikin dutse ya ba Yaya hanya.

"Ku ci gaba, ina zuwa."

"Malam!" Nas ta ce da ƙaramar murya. "Me ka yi mini alkawari?"

"Yanzu zan dawo."

Abba ya yi tsaki. "Kin gani ko? Iskar tayar ta fita. Kalli gabanki, Uwata."

A wurin hutu na biyu Abba ya hau tudu, ya hango jajayen huluna suna tahowa tsakanin bishiyoyi, ya ƙirga shida, bai ma jira na baya sun iso ba ya ce a wuce. A na uku ma haka. 'Yan biyu suna can suna selfi, Yaya yana fama da jakar ruwa, Nas kuwa kanta a ƙasa, ba abin da take gani sai agogon hannunta.

Sau ɗaya Amarya ta ja rigar mijinta. "Na daɗe ban ga Umma ba fa."

"Tana nan tafe. Ba ki ji Abba ya ƙirga ba? Abba ba ya kuskuren lissafi."

Ta saki rigar. Ita da ko ruwa ba ta iya sha a gaban surukinta, ina za ta iya ce masa ya sake ƙirga?

Sha biyu saura kwata suka isa sama. Iska mai sanyi tana kaɗawa, gonaki da rufin gidaje sun zama ƙanana a can ƙasa. Abba ya zauna a kan faffaɗan dutse, ya cire agogo ya ajiye a gabansa. Nas ta tsaya a bakin hanya tana leƙen gangare. Saura goma. Saura biyar. Ko 'yan biyu sun daina dariya.

"Sha biyu," Abba ya ce. Ya mayar da agogon hannu. "Ban zalunce shi ba, kowa shaida ne. An rufe magana."

Nas ta durƙushe a wurin, ta rufe fuska da mayafi tana kuka mara sauti. "Na ji, Abba," shi ne kawai abin da ta iya faɗa.

Kukan ya taɓa shi, amma bai nuna ba. Ya juya kai gefe.

"Uwargida, zo ki rarrashi 'yarki. Ki miƙo mini filas ɗin shayi ma."

Ya waiga.

"Uwargida?"

Amarya ta tako a hankali. Ta cire jar hular da ke kan ɗankwalinta.

"Abba... ta Umma ce. Tun a hutun farko ta sa mini, ta ce rana tana dukana."

Abba ya miƙe tsaye. Ya dubi hular, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, abin da bai yi ba tun safe. Yaya. Amarya. Nas. 'Yan biyu.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Gwiwarta tana ciwo, Abba," Nas ta ce, ta zabura. "Ta hana ni faɗa!"

Yaya ya daddanna waya, babu netwok. Abba ya tuna mararrabar da ke ƙasan hutu na biyu, inda hanya ɗaya take hawa, ɗayar kuma take bin bakin kwazazzabo. Nan take ya kama gangare. Mutumin da bai taɓa yarda a yi gudu a kan dutse ba, yau shi ne yake zamewa yana dafa ƙasa, yana ƙwala kira, "Uwargida! Uwargida!" Muryarsa ta dushe. 'Yan biyu suna biye suna kuka.

Sun wuce hutu na uku kaɗan sai suka jiyo wata murya daga ƙasa, a natse, kamar ana karatu a aji.

"Ɗaya... biyu... uku... a huta. Madalla, Umma! Saura kaɗan. Ɗaya..."

Suka sha kwana. Ga Umma tana hawowa, sanda a hannun dama, idon sawunta ɗaure da bandeji. Malam yana bayanta ta ɓangaren rami, jakarta da tasa a kafaɗa, ya ɗaga mata lema. Gwiwar wandonsa ta yage, hannunsa duk ƙujewa.

Abba ya tsaya cak. Ya zauna a ƙasa a tsakiyar hanya yana maimaita alhamdulillahi.

"To, ga sojoji sun tuna da ni," in ji Umma. "Sai da aka nemi shayi ko?"

'Yan biyu suka rungume ta, dariya da kuka a haɗe. Nas ta zaunar da ita ta duba ƙafar. Targaɗe ne, ba karaya ba, kuma ɗaurin ya yi daidai.

"Na ga kun yi nisa, sai na ce bari in yanke," Umma ta ce. "Ashe hanyar kwazazzabo na bi. Ƙafata ta zame, na gangara na maƙale a jikin wani kututture. Na yi kira har na gaji. Sai ga yaron nan yana bin sawuna. Shi ya jawo ni. Da ya ɗaure ƙafar na ce masa, ɗana, ruga, har yanzu za ka iya cim musu, ni zan zauna a inuwa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa. Ya ce ko zan dake shi da sandar nan ba zai tafi ba."

Abba ya ɗago ya dubi Malam. "Ka san ƙarfe nawa yanzu?"

"Na sani, Abba. Ina kallon agogo lokacin da sha biyu ta yi."

"Ka san abin da ka rasa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Bai dubi inda Nas take ba. "Na sani."

"To yaya aka yi ka gane ba ta cikinmu? Sau uku ina ƙirgawa!"

"Ku gafarce ni, Abba. A wurin aikinmu yara suna musayar hula da jaka kullum, shi ya sa fuska muke dubawa. Kuma malami ba ya shiga aji sai yaro na ƙarshe ya shiga. Jikina ne ya saba, na yi ƙoƙarin bari yau, na kasa."

Abba ya juya ya dubi Umma. Sannan ya dafa dutse ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa.

"Shekara talatin da ɗaya muna tare da matar nan, na bar ta a baya ina ƙirga tsumma. Kai kuma da nake ce wa mai sanyi..." Ya cire jar hular kansa ya ɗora a kan Malam, ya danna ta da kyau. "Na ba ka Uwata. In mun koma gida ka turo manyanka."

"Abba!" Nas ta ce, ta toshe baki da hannu biyu. Hawayen suka dawo, amma ba irin na ɗazu ba ne.

"Ankul, zobe! Kada ka ce ba ka zo da zobe ba!" 'yan biyu suka haɗa baki.

Malam ya buɗe jaka yana lalube. Filasta mai zanen kyanwa ta faɗo, sai alawa, sai hankici uku. Yaya ya riƙe ciki don dariya. Daga ƙarshe ya zaro ƙaramin akwati, ya miƙa wa Umma da hannu biyu. Umma ta kama hannun 'yarta ta zura mata zoben.

"Allah Ya yi muku albarka. Yadda ka jira ni, Allah Ya ba ka masu jiran ka."

"Amin," in ji Abba, ya fi kowa ɗaga murya.

Umma ta ce ita fa sai ta ga saman dutsen nan, tunda ta sha wahalarsa. Suka koma hawa a hankali, taku uku a huta. Abba ya karɓi lemar da kansa. Biyu ta wuce kafin su isa, ba wanda ya dubi agogo.

Wanda duk yake neman abokin zama, kada saurin mutum ya ruɗe shi, ya duba wa mutumin yake tsayawa ya jira. Nas ta yi shekara biyu tana haƙuri ba ta saɓa wa mahaifinta ba, Malam kuma ya yarda ya rasa abin da ya fi so don kada ya bar tsohuwa ita kaɗai a bakin rami. Allah bai bar haƙurinsu ya tafi a banza ba.

Da za su sauko, Abba ya tsaya a bakin hanya. Wannan karon bai hau tudu ba. Kowa ya zo wucewa sai ya dube shi a fuska, ya kira shi. Na ƙarshe ya iso a hankali, da jar hula a kai da jaka biyu a kafaɗa.

"Takwas," Abba ya ce. "Mun cika. Mu je gida."