Daron Aro a Gaɓar Axim

"Ato na Shama? Mai wushirya? Ai jirginsu ya yi yamma, 'yata!"

Haka aka ce da ni a Dixcove, haka aka maimaita mini a Akwidaa.

Na zauna a kan dutse, teku tana ta dukan gaɓa, ƙafafuna sun kumbura. Kowane ƙauye da bishiyoyin kwakwarsa da jiragensa masu fenti, gwanin kyau, amma ni ko kallo ba su ishe ni ba. Kewa ta cika ni.

Tun bara waccan mahaifiyata ta kore shi.

"Teku ta cinye mini miji, ba za ta cinye mini suruki ba!"

Ya bi ayarin masunta bai waiwayo ba. Ranar da ta gaji da ganin ramata ta ce in je in nemo shi, ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa ba.

A Axim na cim ma jirginsu da hantsi, yana shigowa tsakanin duwatsu. Mata suka kutsa cikin ruwa da darukansu. A wajenmu masunci ba ya juye rabonsa sai a daron matarsa, kowa ya san wannan.

Na ari daro wurin wata tsohuwa, na shiga har gwiwa.

"Ato... masoyina!"

Ya juyo da kwandon kifi a hannu, ya yi turus.

"Kuukuwa? Ke ce?"

"Mama ta yarda! Ta yarda, Ato!"

"Amma... an ce mini kin auri wani direba."

"Ni? Wa ya ce?"

Ya dubi wadda ke tsaye a gefena. Efuwa ce, maƙwabciyarmu a Shama, ga ciki ya fito mata tirtsitsi.

Na ɗaga darona duk da haka. Ban san me nake jira ba.

Ya runtse ido, ya juye kifin a nata.

Daron ya cika taf, ga ciki, ta kasa ɗauka. Sauran mata duk sun haura tudu. Ta dube ni, ba kunya ba tsoro.

"'Yar uwa, taimaka ki ɗora mini."

Na ajiye nawa a kan ruwa. Na kama, na ɗora mata.