Shari'ar Mai Gadin Ƙofa

Linnea ta sauko daga bene da jakar makaranta a kafaɗa, ta tarar da mahaifiyarta, Darlene, tana soya ƙwai. Mahaifinta, Vern, yana zaune da kofin kofi a gabansa, ya zuba wa taga ido, kofin har ya huce bai kurɓa ba.

"Jiya an ce an gan ki kusa da yaron nan a bakin makaranta," in ji Darlene, ba tare da ta juyo ba.

"Mama, ajinmu ɗaya. Ina zan kai shi?"

"Ba ruwana da ajinku! Na gaya miki, muddin ina numfashi, Wyatt Pelletier ba zai taka ƙofar gidan nan ba. Kuma kada in ji kin yi masa magana. Kina ji na?"

"Na ji."

Haka take amsa komai yanzu. Na ji. To. Ba komai. Wata takwas ke nan da rasuwar yayanta Gunnar, kuma tun ranar yarinyar nan ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Tana ci, tana barci, tana zuwa makaranta, amma in ka dubi idonta sai ka ga kamar gidan da masu shi suka yi tafiya suka bar fitila a kunne.

Abin da ya faru kowa a garin ya sani. A ƙarshen sanyin da ya wuce, Gunnar da abokinsa Wyatt suka hau kan tafkin da sanyi ya daskarar da a-kori-kura, za su jawo bukkar kamun kifin gidan su Linnea da ke kan ƙanƙarar kafin ranar da hukuma ta sa a kwashe bukkoki. Ƙanƙarar ta riga ta fara ruɓewa. Ta fashe a ƙarƙashinsu, motar ta nutse. Wyatt ya fita ta taga, Gunnar bai fita ba. Darlene ta yanke hukunci tun a maƙabarta: Wyatt ne ya ja mata ɗa kan ƙanƙara, da rawar kansa. Shi kuwa Wyatt, wanda shekara biyu ke nan suna soyayya da Linnea da sanin gidajen biyu, bai buɗe baki ya kare kansa ba. Ya aiko mata da saƙo guda: "Ki bi maganar Mama. Ina nan." Daga nan ya ja jikinsa.

A makaranta kuwa, a ajin adabi, Malama Tveit ta kai su ƙarshen wani tsohon wasan kwaikwayo da suka yi sati biyar suna fama da shi. Labarin wani sarki ne da ya ba da umarni a rufe ƙofar gari da faɗuwar rana, ko waye ya zo kada a buɗe. Ɗansa ya iso da rauni, abokan gaba na bin sa, mai gadi ya ƙi buɗewa, yaron ya mutu a jikin ƙofa. Sarauniya ta sa aka kashe mai gadin. Daga nan mutuwa ta bi gidan ɗaya bayan ɗaya, har ba a bar mai share fada ba.

"Malama, don Allah," in ji Shawna, ƙawar Linnea, mai bakin da ba ya hutawa, "mutanen da ba su da abin dariya ne? Kowane shafi gawa!"

"Ke dai ba ki karanta ba, hotunan bangon kika kalla," wani ya jefo daga baya. Aji ya kwashe da dariya.

Malama Tveit ta ɗauko tsohon gwangwanin kofi da take ajiyewa a kan kabad. Al'adarta ce duk shekara: in an gama wasan, sai a mai da aji kotu, a gurfanar da mutum ɗaya, a yi masa shari'a. Bana mai gadin ƙofa za a gurfanar. Kowa ya sa hannu ya zari takarda, abin da ka zara shi ne rabonka, ba musaya, ba roƙo.

Linnea ta buɗe tata. Mai gabatar da ƙara.

"Wa ya sami mai gadi?" in ji Malama.

Daga kujerar ƙarshe, kusa da taga, Wyatt ya ɗaga hannu a hankali.

Kowa ya juya yana kallon su biyun. Har Shawna ta rufe baki. Malama Tveit ta dubi ɗaya ta dubi ɗayan, ta ce, "In kuna so, yau kaɗai zan karya dokata—"

"Ba komai, Malama," in ji Linnea.

"Ba komai," in ji Wyatt.

Sai Malama ta ba su aikin gida: kowa ya karanta wa wani babba a gidansu babin ƙarshe, ya tambaye shi laifin waye, ya rubuto amsar da bakin mai ita.

Da aka tashi, Wyatt ya wuce ta gefenta a baranda, yana kallon takalminsa. Ya rame, rigar sanyinsa ta yi masa yawa.

"Ki yi aikinki da kyau, Lin," ya ce a hankali. "Kada ki raga mini. Maki ne."

Ta so ta ji wani abu, ko haushi ne, ko tausayi. Ba ta ji komai ba. Ta ce "to," ta wuce.

Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, aka ci gasasshen nama da dankali. Linnea ta kwashe farantai, ta dawo da littafin, ta ce aikin makaranta ne, dole sai babba ya saurara. Ta fara karantawa da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta takardar magani. Ta karanta inda yaron yake dukan ƙofa. Ta karanta inda sarauniya take nuna mai gadi da yatsa, sarki yana tsaye a gefenta bai ce uffan ba.

"To, Mama, laifin waye?"

"Har sai an tambaya? Mai gadin mana!" Darlene ta buga tafin hannunta a kan teburi. "Yana tsaye, yana jin yaro yana kira, shi yana raye da ƙafafunsa biyu! Rubuta. Ki ce ni na faɗa."

Linnea ta rubuta. Ta juya. "Baba fa?"

Vern ya daɗe yana murza cokali a hannunsa.

"Wa ya ce a rufe ƙofar?" ya ce.

"Sarki."

"Kuma yana tsaye aka kashe mai gadin?"

"Yana tsaye."

"Bai yi magana ba?"

"Sai a shafin ƙarshe, Baba. Lokacin ba sauran mai ji."

Vern ya ajiye cokalin. Ya dafa teburi da babban hannun nan da ya yi shekara talatin yana gyaran injinan gona.

"Darlene," ya ce, "ni na aike su."

"Me ka ce?"

"Ni na buga wa Gunnar waya daga wurin aiki. Na ce lallai a ciro bukkar nan a ranar, don ba na son a ci ni tara. Ya ce mini, Baba, ƙanƙarar ta yi baƙi. Na ce a kan wadda ta fi ta laushi na sha tuƙi, kada ya zame mini rago. Wyatt yana kusa da shi, ina jin muryarsa yana cewa a bari sai da safe in ta ƙara daskarewa. Ya bi shi ne don kada ya tafi shi kaɗai."

Darlene ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi a bayanta.

"Wata takwas, Vern! Wata takwas kana zaune a teburin nan ina tsine wa ɗan mutane, kana shan kofi!"

"Na ji tsoro. Na rasa ɗa, na ji tsoron in rasa ki."

"Shi kuma yaron ya sani?"

"Ya sani. Na gamu da shi a gidan mai bayan jana'iza. Ya ce mini, ranka ya daɗe, ba za a ji daga bakina ba, gidanku ya sha isasshe."

Darlene ta toshe bakinta da hannu biyu, ta hau bene da gudu. Suna jin kukanta ta cikin silin, irin kukan da ke fitowa daga ciki kamar amai. Vern ya kifa kansa a kan teburi. Linnea ta tsaya da biro a hannu. Can ta ɗaga kujerar da ta faɗi, ta mai da ita wurinta, ta je ta wanke farantai. Ta wanke su sau biyu ba ta sani ba.

Ranar Laraba aka yi shari'a. An jera tebura, Shawna ce alƙali, ta yafa baƙin labule, tana buga gudumar katako kamar za ta fasa tebur. Wyatt yana zaune a kujerar wanda ake tuhuma.

"Mai gabatar da ƙara, bismillah, kotu na sauraro! Kuma a taƙaita, alƙali na jin yunwa."

Linnea ta tashi da takardunta. Shafi uku ta rubuta tun kafin Lahadi, hujja bayan hujja. Ta dubi shafin farko, ta ɗago ta dubi Wyatt.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Faɗa me?" in ji Shawna. "Wannan yana cikin littafin?"

"Me ya sa ka bari aka ɗora maka, Wyatt?"

Ya gane. Fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja.

"Mamarki tana bukatar wanda za ta ƙi," ya ce. "Gara ni. Ni ba a gidan nake kwana ba."

Linnea ta ninke takardunta. "Ba ni da ƙara," ta ce, ta zauna.

Malama Tveit ta ba ta maki kaɗan, don aiki dai ba ta yi shi ba, kuma Malama ba ta san wasa da maki ba. Amma da aka tashi ta riƙe hannun Linnea a bakin ƙofa na ɗan lokaci.

Kada ku ɗauka washegari komai ya gyaru. Darlene ta yi sati uku ba ta yi wa mijinta magana ba sai ta bakin Linnea. "Gaya wa babanki abinci na kan murhu." Vern ya koma kwana a falo. Linnea ba ta nemi Wyatt ba, shi ma bai neme ta ba, don ba a janye dokar ba tukuna, kuma dukansu biyu sun ƙudurta ba za su bi ta bayan gida ba.

Wata Asabar da hantsi, dusar ƙanƙara ta farko tana sauka, Darlene ta ce, "Kira shi."

"Wa, Mama?"

"Kin san wa. Kada ki sa in maimaita."

Ya zo da hularsa a hannu, ya tsaya a kan matakala, bai ko taka tabarmar bakin ƙofa ba. Darlene ta buɗe, ta tsaya tana kallonsa. 

"Ya ji tsoro?" ta ce daga ƙarshe. "Ɗana. Ya ji tsoro?"

"Bai sami lokaci ba, Mama Darlene. Shi ya tura ni ta taga. Na koma cikin ruwan sau biyu. Wallahi na koma."

"Na sani. Na zalunce ka, ɗan nan. Ka yafe mini."

"Ban taɓa riƙe ki ba."

Linnea tana tsaye a bayan mahaifiyarta, sai ta ji wuyan rigarta ya jiƙe. Ta taɓa fuskarta, ta dubi hawayen da ke yatsunta da mamaki, kamar na wani ne.

Darlene ta share hanci da bayan hannu, ta matsa gefe.

"To shigo mana! Ka tsaya kana cika mini gida da sanyi. Kaɗe takalmanka. Vern! Taso ka gaisa da yaron nan, da bakinka, ba ta bakin kowa ba."

Bayan shekara huɗu aka ɗaura musu aure a ƙaramin cocin garin, Shawna tana ta kuka tana cewa hayaƙin kyandir ne.

Ku 'yan mata da samari, ku ji ni da kyau. In iyaye suka hana ku abu cikin zafin ciwo, kada ku tsallake katanga, kada kuma ku rama da baki. Mai ciwo yakan nuna wanda ba shi ba ne, amma ba ya dawwama a haka. Ku kuma manya, in kun san da hannunku a cikin abu, ku faɗa tun da sauran mai saurare. Vern ya yi jinkirin wata takwas, ya kusa rasa matarsa, ya kusa raba 'yarsa da yaron kirki. Allah ya taimake shi bai jira shafin ƙarshe ba.