Furen da Bai Dawo Ba

Ranar da suka haɗu, takalminsa na kan furen da ta hau dutse dominsa.

"Malam, ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Ma'aikacin kamfanin waya ne, ya zo gyaran eriya a ƙololuwar dutsen. Ita kuwa Auta ake ce mata a gida, aikinta tara wa wani lambun bincike irin furanni.

"Ai ga irinsa nan birjik," in ji shi.

"Kama kawai suke yi."

Ta durƙusa ta nuna masa. Shuɗin fure iri biyu ne a dutsen, ganye ɗaya, tsayi ɗaya. Ɗaya yana da dunƙule a ƙasa kamar albasa, rani ya ƙone shi, damina ya sake tohowa. Ɗayan shekara guda yake yi ya mutu.

"In ka tona don ka gani, ka kashe shi. Sai dai ka jira."

Ta kafa tsinke kusa da wanda ya taka, ta ɗaura jan zare. "Wannan mai dawowa ne. Idona ba ya kuskure."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "'Yar Dutse, yau ban taka komai ba sai ƙasa."

"Allah ya shirye ka, Mai Takalmi," ta amsa.

Magana ta yi nisa kafin a gano ko ɗan wane gida ne. Ƙanin mijin Yayarta ne, wanda ya tashi a hannun kawunsa a wani gari. Mijin kuwa ya fita neman aiki ya bar Yaya da ciki, ba aike, ba saki.

"Nono ɗaya suka sha," in ji Baba. "Na ba gidan nan 'ya guda. Ga ta can tana goyo ita kaɗai."

Ana cikin haka kamfani ya tura shi nesa. Ya rubuto: "Ba zan rantse miki ba, yayana ma ya rantse. Damina za ki gan ni."

Saƙonninsa suka yi ta raguwa, har suka ɗauke.

"Haka nawa ya fara," in ji Yaya, tana ninke kayan ɗanta. "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ke ba ki gudu?"

Wani mai kantin magani ya aiko neman aurenta. Baba ya ce mutumin kirki ne. Auta ta roƙi a bar ta zuwa damina, ta ga ko furen da ta ɗaura wa zare zai dawo.

Da ruwa ya zauna ta hau dutsen. Tsinken na nan, zaren ya koɗe, ba tsiro. Ta tona da yatsa. 'Yan busassun saiwoyi ne kamar gashi, ba dunƙule. Ta daɗe a zaune. Furen da ta yi shekaru tana nazari ya ruɗe ta, balle mutum.

Ta sauko da niyyar amsa wa mai kanti.

A ƙofar ɗakin Baba ta tarar da takalman baƙi, ɗaya ta san shi. Mai Takalmi na zaune ya rame, kusa da shi yayansa, kai a sunkuye. Hutunsa duka ya ƙarar yana bin sawun yayan nasa gari gari, har ya kawo shi ya ga ɗansa, ya kuma sawwaƙe wa Yaya kamar yadda ta nema.

"Ban so na rubuto miki hannu rabbana ba," in ji Mai Takalmi.

Baba ya dube ta. "Auta, furen naki ya dawo?"

"Bai dawo ba, Baba. Na yi kuskure."

Baba ya juya ya kalli saurayin.

"To. Wannan dai ya dawo. Ka turo kawunka."

Kafin furanni su zubar da iri aka ɗaura auren. Yaya ce ta riƙe hannun amarya har ƙofar ɗakinta.

"Allah ya ba ki abin da ban samu ba," ta ce. Sannan ta juya ga ango. "Kai kuma, ka riƙa duba inda kake takawa."