Jan Zare a Lambun Baba

"Cire shi!"

Auta ta wurga takardun wasan a kan teburin shuka. Darakta bai ko ɗago ba, yana ta yanka jan zare gutsure-gutsure da almakashinta na aske ganye.

"Haba, zuciyata. Me zan cire?"

"Shafi na tara. Tsohon da ke neman auren matarsa."

"Nan ne fa mutane za su fi dariya!"

"Babana ne!"

Sai a lokacin ya ajiye almakashin.

Lambun na saman bene mai hawa shida ne. Baba ne ya haɗa shi da hannunsa, tukunya bayan tukunya, har da lemun tsami a cikin rabin durom. Da ya rasu, Auta ta ci gaba da ban ruwa. Sai ga Darakta ya hauro wata rana yana neman wurin wasan da ba shi da dandamali, inda 'yan kallo ke yawo cikin shuke-shuke, 'yan wasa na cakuɗe da su. Wuri ya zo nema, ya samu har da mata. Saura mako uku bikinsu.

A shekararsa ta ƙarshe Baba ya manta kowa. Kullum da safe sai ya zauna gindin lemon, ya dubi Mama da kunya irin ta saurayi, ya ce, "Baiwar Allah, kina da aure?" Ita kuma ta ce, "Ina da shi, amma zan duba." Auta ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai Darakta, tana kuka a kafaɗarsa. Ashe kafaɗar tana rubutu.

"Ban sa suna ba," in ji shi.

"Ka sa kujerarsa. Ka sa hularsa a kan ɗan wasanka Dogo, kana koya masa karkarwar hannu!"

"Fasaha ce, Auta. Ba za ki gane ba. Mama ma na gayyace ta."

Ta daɗe tana kallonsa. Har yanzu kyakkyawa ne, abin haushin kenan.

"To," ta ce a hankali. "Allah ya kai mu."

Wani zai ji tsoron wannan "to" ɗin. Shi sai ya yi murmushi.

Ta yi duk dabarar hana Mama hawa. Ta ce gwiwa, ta ce iska, ta ce matakala. Mama ta ɗaura gyalenta ta ce, "Surukina ya kira ni, ke wace ce?"

Ranar wasan da la'asar lambun ya cika. Darakta, wanda shi ke fitowa a mai lambu, ya tsaya a bakin ƙofa yana faɗa wa baƙi dokokinsa biyu: duk mai jan zare a wuyan hannu ɗan wasa ne, kuma komai ya faru, wasa ba ya tsayawa. Yana ji da dokokin nan kamar shi ya ƙirƙiro rana.

Auta na bayan tankin ruwa. Ta ɗaura jan zare a wuyan hannunta da haƙoranta.

Mutane suka bi wasan daga na'a-na'a zuwa tumatir, har gindin lemo, inda Dogo ke zaune da hular Baba, Mama kuma na kan benci kusa da shi. Dogo ya fara karkarwa. Wata mata ta soma dariya tun bai buɗe baki ba.

"Baiwar Al..."

"Mai lambu!"

Kowa ya juyo. Auta ta ɗaga hannu, zaren ya fito sarai.

"Mai lambu, ka ba su labarin yaron matakala mana."

Fuskar Darakta ta canja. Shi ma ya taɓa yin kuka, sau ɗaya, a kafaɗarta.

"Wane yaro?" ya ce, yana yaƙe. Dokarsa ce, dole ya amsa.

"Mai shekara bakwai. Uwarsa ta ce ya jira ta a matakala, za ta sayo masa takalmi. Kwana nawa ya yi yana jira?"

"Auta..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

"Ba sa jin ka! Ɗaga murya, kai ka koya mana. Kwana nawa?"

"Tara."

"Ta dawo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ta dawo ba."

"Shi ya sa har yau ba ya iya sayen takalmi shi kaɗai, sai an raka shi. Ku yi dariya mana! Fasaha ce!"

Wasu suka yi. Hawaye ya gangaro masa, na gaske, wani mai tabarau ya ce, "Kai, wannan ya iya!" Auta ta zare zoben baikon da ya sa mata, ta tura shi cikin ƙasar tukunyar barkono da babban yatsa, kamar iri.

Tafi ya ɓarke. Bai taɓa samun irinsa ba. Ya rusuna musu, don wasa ba ya tsayawa, sannan ya sauka matakala bai waiwayo ba.

Da aka watse, Auta ta durƙusa gaban Mama.

"Na rama mana, Mama. Ban bari sun yi wa Baba dariya ba."

Mama ta ɗauki hular da Dogo ya bari a kan kujera, ta kakkaɓe ta.

"Na san abin da ke shafi na tara. Ya kawo min na karanta tun wancan makon."

"Kin... kin sani?"

"Na ce masa bai kyauta ba, ya nemi yafiyarki. Amma na ce ya bar shi." Ta shafa bakin hular. "Shekara biyu, Auta, ba wanda ya tambaye ni ko ina da aure. So na yi in ƙara ji. Ko da bakin Dogo ne."

Auta ta dubi zaren da ke wuyan hannunta.

"Tashi ki kwance wannan zaren," in ji Mama. "Lemon nan bai sha ruwa ba yau."