Gurbin Tungar Ɗantani

Bushra ta fara sanin Sufyanu ne ranar da kwamfuta ta ƙi karɓar aikinsa, kuma in za a faɗi gaskiya, da faɗa suka soma.

A wani ɗan ofis ne a Talata Mafara, inda ake haɗa manhajar rajistar manoman rani. Masu gwaji kan rubuto gwaje-gwajensu a fayil ɗin Excel, Bushra ta kwashe ta zuba a manhajar da ake tara su, kowane bayani a gurbinsa. Gurbin sunan gari ita ta ƙirƙire shi, ta jera masa garuruwan da aka ba ta, kuma tana ji da shi ba kaɗan ba.

Sai ga fayil ɗin sabon ma'aikaci ya dawo jajir da kurakurai. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Malam, duk layukanka manhaja ta watso su waje. Ina ne kuma Tungar Ɗantani? In gwaji kake yi, ka sa Ruwan Gizo ko Dosara kamar kowa."

Sufyanu ya sunkuyar da kai.

"Garinmu ne, Malama, can bayan Maradun. 'Yan bindiga sunka tashe mu, babu kowa ciki yanzu. Shi ya sa anka cire shi."

Sauran masu gwaji sunayen bogi suke sawa. Shi kuwa sunayen mutanen garinsu yake rubutawa, Lauwali, Mariya, Jidda, don kada ya manta su.

Kunya ta rufe Bushra har wuya. Ta koma kujerarta, ta ƙara Tungar Ɗantani a gurbin, ta sake zuba fayil ɗin. Ko layi ɗaya bai faɗo ba.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta: "Mai gyara, na gode. Yau garinmu ya samu wurin zama."

Ta amsa: "Ɗan Tunga, ka yafe mini bakina."

Daga nan fa abu ya kankama. Duk fayil ɗin da ya kawo, sai ta tambaye shi wane ne wannan, wace ce waccan. Ya ba ta labarin Malam Lauwali limaminsu, wanda yanzu yake zaune a wani kango a Bakura, da Inna Mariya mai ƙuli. Wasu sunayen kuwa in ta tambaya sai ya kawar da zancen. Bushra da ta sha cewa ita aure sai nan gaba, sai ga ta tana gyara ɗankwali in ta ji tafiyarsa.

Mahaifinta, Alhaji Tukur, mahauci ne kuma dillalin shanu, mutum ne da bai taɓa aurar da ɗiya ba sai ya aika garin manemi an bincika asalinsa. Da maganar ta iso gare shi, tambaya ɗaya ya yi.

"Wa zan aika, kuma wurin wa? Garin da babu kowa ciki?"

Kamilu, ɗan abokin cinikinsa, wanda ya daɗe yana son Bushra, shi ya ƙara wa wutar makamashi. Ya riƙa cewa a kasuwa, yadda aka hallaka mutanen Tunga yaron ya fito lafiya, ai da alamar tambaya. A wannan ƙasa irin wannan magana tana iya kashe mutum.

Sufyanu ya daina zuwa ofis. Sai saƙo: "Mai gyara, ki bi maganar Baba. Ba ni da wanda zai tsaya mani. Kada sunana ya ɓata naki."

Bushra ta yi kuka, ta kuma yi fushi, don ta ɗauka gudu ya yi. Ta rubuta: "Ni na sa garinku a gurbi, ba kai za ka cire shi ba."

Washegari ta durƙusa gaban mahaifinta bayan ya karya kumallo.

"Baba, garin ya tashi, amma mutanensa ba su ƙare ba. Limaminsu yana Bakura. In shi ma ya ce a'a, wallahi na haƙura."

Alhaji Tukur ya yarda a bincika. Bai aika kowa ba. Da kansa ya je.

Ya samu tsohon a kan tabarma, idanu sun tafi. Bayan doguwar gaisuwa, Malam Lauwali ya ce, "Sufyanu? Wanga yaro shi ya goyo ni har bakin titi. Sannan ya koma, shi da mutum biyu, sunka yi wa matattu sutura. Ubansa na ciki, da ƙanwarsa Jidda. Alhaji, in ba ka ba shi ba, kada ka bari a ce mashi maci amana."

Alhaji Tukur ya dawo gida. Ya aika wa Kamilu cewa kada ya sake taka masa zaure.

An ɗaura aure ranar Juma'a, ba kiɗa ba taro mai yawa. Malam Lauwali ne waliyyin ango. Mutanen Tunga suka zo daga Bakura da Maradun, motar haya ɗaya ta ishe su. Inna Mariya ta shigo ɗakin amarya da ƙuli a ƙulle a gefen zane, tana ba da haƙuri wai abin da ya samu ke nan.

Bushra ta rungume ta. Ta san sunayen gari guda, ga shi fuskokin ba su cika tabarma biyu ba.

Daga waje aka ɗaga murya: "An ɗaura auren Bushra, ɗiyar Alhaji Tukur, da Sufyanu na Tungar Ɗantani!"

Inna Mariya ta dafe ƙirji. "Ɗiyata, tun da munka fito ban ƙara jin an kira garinmu cikin taro ba. Allah shi ba ku zuri'ar da za ta koma ta share shi."

"Amin, Inna," Bushra ta ce, hawaye na zuba kan lallenta.