Karas a Tukunyar Kaka Aune

"Mene ne wannan a hannunka?"

Tambayar da Kaka Aune ta tarbi saurayina Tuukka da ita ke nan ranar da na fara kawo shi gidanmu a garin Ilomantsi, cikin yankin Karjala. Ko rigar sanyinsa bai gama cirewa ba.

"Karas ne da albasa, Kaka. Inkeri ta ce yau naman Karjala za a dafa, shi ne na ce bari in..."

"Karas!" Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke Inkeri, mijin aure kika kawo mini ko zomo?"

Ji na yi kamar in nutse don kunya. Shi kuwa dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki, ya ce ai shi kuku ne, shekara biyar yana girki a otal a birnin Joensuu, kuma a makaranta an koya musu kala huɗu na wannan dahuwar.

"A littafi?"

"A littafi, Kaka."

"Littafin ya taɓa cin abinci? Zauna ka gani, ɗan birnin Turku."

Ta jera manyan yankan naman sa da na rago da na alade a tukunyar ƙasa, ta barbaɗa gishiri, ta jefa ƙwayar masoro guda goma, ta zuba ruwa iya wuyan naman. Ta kwashe garwashin tanderun bulo ta tura tukunyar a buɗe, sai da saman ya yi ja sannan ta rufe. Awa shida ba wanda ya isa ya leƙa.

"Shi ke nan?" in ji Tuukka.

"Shi ke nan. Duk wanda ya ƙara wani abu, miya ya yi."

Kaka ce ta raine ni tun ina shekara shida, bayan iyayena sun rasu a hatsarin mota. Ita ma tana da shekara biyar yaƙi ya kore su daga ƙauyensu kusa da Sortavala, garin ya koma bayan iyaka, ba ta sake kwana a cikinsa ba. Wannan naman shi kaɗai ya rage mata na gidan uwarta.

Shekara biyu Tuukka yana zuwa duk Lahadi, kuma duk Lahadi sai sun kafta.

"Kaka, mutanen da ba su sa karas ba ne don ba su da shi!"

"Muna da shi a bayan gida, muna ba doki."

"To albasa fa? Maƙwabciyarki 'yar Karjala ce, tana sawa."

"Uwarta 'yar yankin Savo ce ba Karjala ba, kar ka ja ni da magana."

Tana zaginsa tana tura masa tsoka mafi laushi. Har ta fara ce masa angonta, wai ni kwantai zan yi. Ranar da ya sa mini zobe a bakin tafki, sai da ya fara neman izininta a kicin. Ta ce ta ba shi, amma ba ta ba karas ba.

A hunturun da ya biyo baya abubuwa biyu suka faɗo mana. Kaka ta fara mantuwa. Na tsinci tabaraunta a cikin firij, wata rana kuma ta kira ni da sunan mahaifiyata. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, kuma sauya mata muhalli zai ƙara rikita ta. Kafin mu gama haɗiye wannan, ɓarin jikin mahaifin Tuukka ya shanye. Gidan abincinsu na Turku ba mai riƙewa, mahaifiyarsa ita kaɗai take jinya, kuma shi kaɗai suka haifa.

"Mu tafi da ita, masoyiyata," ya ce yana riƙe da hannuwana. "Akwai ɗaki a gidanmu, ni zan kula da ita kamar..."

"An taɓa korarta daga gida sau ɗaya, Tuukka. Ba ni zan yi na biyu ba."

"To ni fa? In bar babana a kwance?"

"Ban ce ba..."

"To me kika ce, Inkeri? Faɗa mini!"

Sai na fashe da kuka.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsa ya ce shi zai yi girkin, in je in huta. Da ya sauke tukunyar a tebur ya buɗe, na leƙa ciki. Ga karas nan jajir yana yawo a romo, ga albasa ta narke. Na dubi Kaka ina jiran tsawa.

Ta ɗebi nama ta haɗa da dankali ta ci. Ta soki karas da cokali mai yatsu ta kai baki, ta tauna a hankali.

"Madalla," ta ce. "Haka uwata take yi."

Cokalina ya suɓuce. Na tashi na fita tsakar gida ko takalmin kirki ban sa ba, na tsaya cikin dusar ƙanƙara ina kuka. Ya biyo ni da rigata a hannu.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ba ta ma sani ba. Inkeri, in ba ta gane wannan ba, ba za ta gane ko Turku take ko nan ba. Ko a gidan kula da tsofaffi ne..."

"Da gangan ka yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gwada ta ka yi? Matar da take ce maka angonta?"

"Ina neman hanyar da ba zan rasa ki ba ne! Laifi ne? Ke ce rayuwata, ban san yadda zan yi ba..."

"Tafi, Tuukka. Don Allah yau dai ka tafi."

Da na koma ciki na tarar da Kaka a bakin taga tana kallon motarsa tana fita. Na fara kwashe kwanuka ina ɓoye fuskata.

"Gishirinsa ma bai ji ba," ta ce.

Na tsaya cak.

"Kaka?"

"Kina tsammanin na makance ne? Karas har guda nawa ya yanka, kamar mai kiwon zomaye." Ta share ido da gefen mayafinta. "Na ji ku ranar nan. Na ce in na haɗiye abin nan na yi shiru, za ki ce tsohuwa ta gama yawo, ki kai ni gidan tsofaffi, ki bi mijinki da zuciya ɗaya. Amma bakina ya ƙi rufuwa, kin san halina."

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta.

"Ki tafi, jikalle. Ni yau ina nan, gobe ban san inda kaina zai kai ni ba. Kar ki ba ni ƙuruciyarki, ba ni da inda zan ajiye ta."

"Ba inda za ni."

"Taurin kai kamar kakanki."

"Na ji. Ba inda za ni."

Washegari na faɗa wa Tuukka komai a tashar jirgin ƙasa. Ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kuka kamar yaro, mutane na wucewa suna kallonmu.

"Ki ce mata ta yafe mini."

"Ta ce in gaya maka ka ƙara gishiri."

Ya yi dariya cikin hawaye, ya rungume ni har sai da numfashina ya ɗauke.

"Zan jira ki, rabin raina. Ko shekara nawa ne."

Ya jira, ba zan yi masa ƙarya ba. Shekarar farko duk wata sai ya yi tafiyar awa bakwai ya zo. Ta biyu jikin babansa ya tsananta, ni kuma Kaka ta kai ba a barinta ita kaɗai ko na minti goma. Waya ta koma gaisuwa, gaisuwar ta koma "ya mai jiki?" Wata rana na sa zobensa a ambulan na aika masa, don na ga shi ba zai taɓa iya cewa mu rabu ba. Ya kira sau tara ban ɗauka ba.

Kaka ta ƙara shekara huɗu. A ta ƙarshe ba ta san ni ba sam, kullum tambayata take yaushe za a zo a mayar da ita Sortavala. Ta cika da hantsi a kan gadonta, a ɗakinta, hannunta cikin nawa.

Bayan an binne ta aka taru cin abinci a zauren coci. Ina cikin zuba wa mutane nama na ɗago na gan shi a layi, da faranti a hannu. Ya ƙara jiki, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. A yatsansa akwai zobe.

Muka fita bakin ƙofa.

"Sannu da haƙuri, Inkeri."

"Sannunmu. Ya Baba?"

"Ya rasu bara."

"Allah ya ji ƙansa. Ban ji ba..."

"Ban san ko kina son ji daga gare ni ba." Ya bi idona zuwa yatsansa. "Ma'aikaciyar jinyar Baba na aura. Tana da kirki. Watan gobe muke sa ran haihuwa."

"Allah ya raba lafiya."

"Inkeri..." ya ce. "Da kin ɗauki wayar nan sau ɗaya..."

"Da na ɗauka da na ce ka jira. Kai kuma da ka jira."

"Da na jira mana!"

"Na sani, Tuukka. Shi ya sa ban ɗauka ba."

Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin kumatunsa. Daga ciki wata ta ƙwala mini kira, wai baƙin Joensuu za su tafi suna son yi mini sallama.

"Jirgina ƙarfe huɗu ne," ya ce.

"To ka hanzarta, hanyar da santsi."

Na tsaya har ya shiga mota. Sai da ya sha kwana sannan na zauna a kan matakalar cocin na yi kukan rashin mutum biyu.