Kocin Da Ya Kawo Ƙarti Wasan Yara

A can wani zamani, a wani gari, an yi wani koci mai koya wa yara ƙwallo. Kullum da safe sai ya busa usur, ya ce, "Ku tsince ƙaya!" Su tsince. "Ku zagaya fili!" Su zagaya. Wata uku suna haka, don ya yi musu alkawarin su za su buga wasan kofin yara.

Ranar wasa sai ga koci da waɗansu ƙarti bakwai, an aske musu gemu tas. Ya karɓe rigunan yaransa ya miƙa wa ƙartin.

Wani yaro, Sallau, ya ce, "Koci, mu fa?"

Ya ce, "Ku zauna ku yi tafi. Ni kofi nake so."

Kai, wannan rashin kunya da yawa yake! Yara suka zauna a rana, idanunsu jawur.

Ana cikin wasa, sai wata 'yar yarinya ta ruga cikin fili, ta riƙe ƙafar ɗaya daga cikin ƙartin, ta ce, "Baba, Inna ta ce ka zo, akuya ta tsinke!"

Fili ya kaure da ihu. Alƙalin wasa ya gane ba yara ba ne, ya kori koci da ƙartinsa, aka ba abokan karawarsu kofi.

Washegari koci ya busa usur. "Ku tsince ƙaya!" Shiru. "Ku zagaya fili!" Shiru. Can nesa, a wani filin da suka share da kansu, su Sallau na ta buga ƙwallonsu. Ya sake busawa, babu wanda ya waiwayo.